Darasi na 14: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana kamannin laimar teku da yadda take hayayyafa;
2. faɗin dalilin da ya sa take fitowa da wuri idan ruwa ya yi ɗumi;
3. kawo misalin irin wannan lamari a tafkuna da gulaben ƙasarmu;
4. buɗe littafin da zai riƙa rubuta alamomin shekara a garinsu.

Shimfiɗa

Manomin Tsafe ba ya jiran kalanda ta gaya masa damina ta kusa. Da ya ga shamuwa ta sauka ta fara haɗa sheƙa, iska ta juyo daga kudu, gawo ya soma zubar da ganye, sai ya fiddo iri ya kai fartanya maƙera. Bayan ruwan farko gina ta tashi, kwaɗi su buɗe baki a fadama. Kowace halitta da lokacin da Allah ya yanka mata. To, a ce wata shekara gina ta tashi ana tsakiyar hunturu. Dattijon kirki ba zai yi dariya ya wuce ba, zai tsaya ya tambayi abin da ya taɓa ƙasa.

Masuntan bakin teku su ma suna da alamominsu. Ɗaya daga ciki wata halitta ce mai laushi da ke zuwa gaɓa a watannin zafi. A wurare da dama yanzu ta fara sammako. Tana isowa makonni kafin lokacin da aka saba, ta zo da yawa, ta kuma daɗe ba ta tafi ba.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Gusau da teku, alhali tsakaninsa da Legas ya haura kilomita 700? Ruwansa uku ne. Na farko, kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi da kifin gwangwani da ake sa wa burodi daga teku suke. Na biyu, gulbin da ya ratsa garinmu a teku yake ƙarewa. Na uku, abin da ke kiran wannan halitta da wuri shi ne ke mai da tafkunanmu kore a bazara.

Wace ce laimar teku?

Kakanninmu ba su raɗa mata suna ba, domin ba su zauna kusa da ita ba. Turawa suna ce mata jelifish, Larabawa kuma ƙindilul bahri, wato fitilar teku. A wannan darasi za mu kira ta laimar teku, saboda siffarta.

Ka ƙaddara buɗaɗɗiyar laima tana yawo a cikin ruwa, jikinta garai-garai har kana hangen abin da ke bayanta, taushinta kamar kamu da aka dama ya kwana. A ƙarƙashinta zaruruwa ne ke reto. Ba kifi ba ce, ko da yake wasu na kiranta haka. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. Kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, shi ya sa idan igiyar ruwa ta jefo ta kan yashi, rana ta buge ta, ba a jima ba sai ka tarar da ɗan tabo kawai. Tana tafiya ta hanyar tsukewa da buɗewa, amma ƙarfinta kaɗan ne, inda ruwa ya nufa nan take nufa.

Makaminta yana jikin zaruruwan nan. Kowane zare cike yake da dubban ƙananan allurai masu dafi da ido ba ya gani. Da abu ya taɓa su sai su harba. Da su take kama abincinta, wato ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, waɗanda za mu kira tsakin teku, da ƙwan kifi, da 'ya'yan kifi da suka fara ƙyanƙyashewa. Ga ɗan Adam, harbin yawancinsu bai wuce raɗaɗin rina haɗe da ƙaiƙayin karara ba. Amma a arewacin Ostireliya akwai wata mai siffar akwati da ke iya kashe mutum cikin 'yan mintuna.

Girmansu ya bambanta. Akwai wadda ba ta kai farce ba. Akwai ta tekun da ke tsakanin Sin da Koriya da Japan, mai suna Nomura, wadda faɗinta kan kai mita 2, nauyinta kilo 200, wato buhun taki huɗu. Masana sun ce zuriyarsu ta haura shekara miliyan 500 a duniya.

Rayuwa biyu a jiki ɗaya

Wanda ya san gaiwa ba zai sha wahalar gane wannan sashe ba. Idan tafki ya ƙafe, gaiwa kan shige cikin laka ta lulluɓe kanta ta yi shiru. Mai wucewa zai rantse babu rai a wurin. Ruwa na sauka, sai ga ta.

Yawancin laimomin teku ma suna da zaman ɓoye. Babba tana zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan ya zama ɗan tsiro mai iyo, ya yi kwanaki yana yawo, sannan ya sami wuri mai tauri, kamar dutse ko ƙarfen gada ko gindin jirgi, ya manne. A nan sai ya koma kamar ƙaramin fure mai tsawon ƙwayar shinkafa. Wannan mataki za mu kira shi dashe. Dashe ba ya tafiya ko'ina. Yana cin abin da ruwa ya kawo masa, yana kuma yin 'ya'ya a gefensa kamar yadda ayaba ke yi, har ya shimfiɗe wuri. Zai iya shekaru a haka ba wanda ya san da shi.

Idan lokaci ya yi, jikin dashe sai ya tsattsage ya zama kamar faya-fayan da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Na sama ya ɓalle ya tafi, na biye ya bi shi, har su ƙare. Kowane faifai jaririyar laima ce. Cikin makonni kaɗan, idan abinci ya wadata, ta zama babba.

Me ke gaya wa dashe lokaci ya yi? Babban mai busa masa ƙaho shi ne canjin ɗumin ruwa, sai tsawon rana da yawan abinci. Miliyoyin dashe a gaɓa ɗaya suna jin wannan kira tare, su saki 'ya'yansu tare. Shi ya sa teku kan kwana fes, a wayi gari ya cika maƙil, kamar yadda fara kan rufe sama rana ɗaya alhali ƙwanta ya daɗe a cikin ƙasa.

Dalilin sammako

Hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da gas, da kuma saran dazuzzuka, sun ƙara wa sararin sama wata iska da ke riƙe zafin rana kamar bargo. Mu a tudu mun ji a jikinmu. A ranar 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Amma abin da muke ji ɗan guntu ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin nan teku ne ke shanye shi.

Duk matar da ta taɓa ɗora babbar tukunya ta san ruwa mai yawa ba ya saurin tafasa, idan kuma ya ɗauki zafi ba ya saurin hucewa. Haka teku yake. Sanyinsa na shekara ya ragu, ɗuminsa yana farawa da wuri yana kuma jimawa. A watan Agusta 2024 saman Bahar Rum ya kai kusan digiri 29, abin da ba a taɓa aunawa ba a can. Dashe kuwa ba ya duba wata. Da ya ji ɗumin da ya saba ji, ko da saura makonni, sai ya saki 'ya'yansa. Ɗumi kuma yana sa su saurin girma.

Ga misali daga Amurka. A wani lungun teku mai suna Naraganset, masana sun yi shekaru suna ɗiban ruwa suna ƙirga abin da ke ciki suna rubutawa. Da suka gwada lissafin shekarun 1950 da na farkon shekarun 2000, sai suka ga wata 'yar uwar laimar teku tana bayyana kusan wata biyu kafin lokacinta na da. Tsakin tekun da take ci kuwa bai matsar da nasa lokacin ba. A da yakan yi yawa ya hayayyafa kafin ta iso. Yanzu tana riskarsa tun yana tasowa ta cinye. Manomi ya san bambancin tsuntsu ya sauka bayan an yi girbi da ya sauka gero na cikin madara.

A Bahar Rum akwai wata mai launin shunayya da ke haske da dare. A da takan yi yawa na 'yan shekaru, ta ɓace, ta dawo bayan kamar shekara 12. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwanta ya zama kusan na kowace shekara.

Sai dai a lura, ba kowace iri ce ɗumi ke yi wa daɗi ba. Wasu sai sun sha sanyi sosai sannan dashensu ke tsagewa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna yawansu a duniya yana hawa yana sauka kamar kowace shekara 20. Saboda haka ba daidai ba ne a ce duk tekunan duniya sun cika da su. Abin da aka tabbatar shi ne, a gaɓoɓin da mutum ya fi takura wa ruwa, a nan suka fi samun wuri.

Abokan tafiyar zafi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai abubuwa uku da ke taya zafi wannan aiki.

*Kamun kifi ba ƙaƙƙautawa.* Ƙananan kifaye irin su sadin akushi ɗaya suke ci da laimar teku, wato tsakin teku. Idan aka kwashe kifin, akushin ya zama nata ita kaɗai. Tekun Namibiya yana cikin mafi albarkar kifi a Afirka. Manyan jirage suka yi ta kwasar sadin har ya durƙushe a shekarun 1970. Binciken da aka fitar a 2006 ya ƙiyasta laimar teku a wannan ruwa ta kai tan miliyan 12.2, kifi kuwa tan miliyan 3.6. Kuma da ta yi kaka-gida ba ta barin kifi ya farfaɗo, domin tana cin ƙwansa da 'ya'yansa. A 2018 gwamnatin Namibiya ta dakatar da kamun sadin ɗungurungum.

*Taki da ƙazanta.* Takin da ruwan sama ya wanke daga gona, da ruwan kwata na birane, suna shiga gulbi su isa teku. A can ma aikin taki suke yi, sai dai abin da suke rayawa gansakuka ce. Idan ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar oksijin da ke narke a ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Ruwa mai ɗumi kuwa dama bai riƙe wannan iska kamar mai sanyi. Kifi ya gudu ko ya mutu. Laimar teku tana jure ƙarancin iska fiye da shi, sai ta gaje wurin.

*Gine-gine da jirage.* Kowace tashar jiragen ruwa, kowane ginshiƙin gada da rijiyar mai, sabon masauki ne ga dashe. Manyan jirage kuma suna ɗiban ruwa a cikinsu don daidaita nauyi, su zubar a wata nahiya. Ta haka 'yar uwar laimar nan ta Amurka ta shiga Bahar Aswad a farkon shekarun 1980, kafin shekara goma kamun ƙananan kifi ya rushe a can. Wata kuma ta bi Mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, ta shiga Bahar Rum a shekarun 1970, yanzu duk bazara tana rufe gaɓar gabashinsa.

Masu rage ta kuma suna raguwa. Babbar kififiyar teku, wadda ke zuwa yin ƙwai a gaɓar Gabon, kusan laimar teku kaɗai take ci. Ledar da ke yawo a ruwa kama take yi mata da abincinta, ta haɗiye, hanjinta ya toshe.

Ɓarnar mai taushin jiki

Ana raina ta a ido, amma yawa ya sa zare ya ja dutse. A Japan, Nomura ta yi ambaliya a 1920 da 1958 da 1995, wato sau uku a ƙarni guda. Daga 2002 sai ta riƙa zuwa kusan duk shekara na wani lokaci, tana yaga koma, tana murƙushe kifin da aka kama, tana ɓata shi da dafi. A 2009 wani jirgin kamun kifi mai nauyin tan 10 ya kife kusa da Ciba yayin da masunta uku ke jan komar da ta cika da ita. An ceto su da rai.

A Nuwamba 2007 garken mai launin shunayya ya afka wa wata gonar kifi a Ailan ta Arewa, ya kashe kifi fiye da 100,000.

Tashoshin lantarki da ke bakin teku suna zuƙo ruwa don sanyaya injuna, laimar teku kuma tana toshe matatar. A Disamba 1999 ta jefa babban yankin tsibirin Luzon na Filifin cikin duhu, har mutane suka zaci juyin mulki aka yi. A 2013 ta tsayar da injin nukiliya a Oskarsham ta ƙasar Suwidin. A Agusta 2025 ta tsayar da injuna huɗu a tashar Gravelin ta Faransa. Masana'antun da ke tace ruwan teku ya zama na sha su ma haka suke fama. Alhazanmu su tuna, yawancin ruwan famfon Makka da Jidda daga Bahar Maliya ake tace shi.

Ba a rasa mai cin riba ba. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa wasu irinta da gishiri da alif suna ci. Amma abin da kusan dukkansa ruwa ne ba zai maye gurbin kifi a tukunyar talaka ba.

Daga Gusau zuwa teku

Mu bi ruwanmu da ƙafa. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da ƙasar Bungudu, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Daga nan ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu, ya faɗa Kwara a Jihar Kebbi. Kwara ta bi ta Kainji da Jebba, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta rarrabu a Neja Dalta ta shiga Tekun Atlantika. Ledar da aka jefa a kwata a Gusau, da takin da aka watsa a fadama ana gab da ruwan sama, wannan hanya suke kamawa. Wani ya maƙale a madatsa, wani ya wuce.

Ba sai mun je teku ba kafin mu ga sakamako. Dubi kududdufin bayan gari a watan Maris da Afrilu. Ruwa ya ja baya, rana ta gasa shi, ruwan wanki da kashin dabbobi sun taru a ciki. Kwana kaɗan ya koma kore shar, kainuwa ta rufe gefe. Masu kiwon tarwaɗa sun san abin da ke biyo baya: da asuba kifi ya taso yana haki a saman ruwa, domin gansakuka ta kwana tana shan iskar da yake buƙata. Ɗumi, da taki, da ƙarancin iska, su ne dai abubuwan da muka lissafa a teku.

Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga babban misali. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da kan zo ya tafi ya koma zama a wasu wurare shekara cur. Ciyawar kacala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama masaukin tsuntsun jan baki mai cin hatsi. Kacala ba baƙuwa ba ce, tana nan tun da. Yanayin ruwa aka canja, ta ga wuri ta yi rawa.

Darasin ɗaya ne a tafki da teku. Idan aka ɗumama ruwa, aka cika shi da ƙazanta, aka kwashe kifinsa, ba zai zauna fanko ba. Wata halitta za ta gaje shi, kuma sau da yawa ba wadda muke iya ci ba ce.

Kakanninmu sun san maganin wani ɓangare. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi na zamani a 1934, ana hana su a gulbin Matan Fada har sai ranar biki, kifi ya samu ya girma ya hayayyafa. A garuruwa da yawa Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a buɗe tafki. Mu ƙara da waɗannan: a bar koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, a daina zuba guba a ruwa, a binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, kada a juye shara a gulbi.

Karatu bibbiyu

Wata ɗalibar ajin manya tana hira da ɗanta, direban babbar mota da ke zuwa Legas.

Inna: Auta, idan kun sauke kaya kuna zuwa bakin teku?

Auta: Mukan je shan iska, Inna.

Inna: To, idan ka ga wani abu kamar leda mai santsi a kan yashi, kada ka taɓa. Ko ta mutu tana harbi.

Auta: Ikon Allah! Inna, ina kika san wannan?

Inna: A makaranta mana. Idan ta harbi mutum, ya fito daga ruwa, kada ya sosa, kada ya goga yashi. A wanke da ruwan teku, ban da ruwan famfo, shi ƙara tayar da dafin yake yi.

Auta: Zaruruwan da suka manne fa?

Inna: A cire da tsinke ko gefen kati, ban da hannu tsirara. Sannan a tsoma wurin a ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, kamar minti 20.

Auta: Na ji wasu na cewa fitsari magani ne.

Inna: Zancen banza. Idan kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ko fuska ta kumbura, sai asibiti ba jira.

Auta: Na ji, Inna. Allah ya ƙara basira.

Inna: Amin. Allah ya kiyaye hanya.

Sababbin kalmomi

- laimar teku: halittar ruwan gishiri mai taushi da zaruruwa masu dafi
- dashe: matakin rayuwarta da take manne a wuri ɗaya
- tsakin teku: ƙananan halittun da kifi da laimar teku ke ci
- oksijin: iskar da mutum da kifi ke shaƙa su rayu
- tan: kilo 1,000
- digiri: ma'aunin zafi da sanyi

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da laimar teku ba ta da su a jikinta.
2. Ta wace fuska dashe ya yi kama da gaiwa, ta wace fuska kuma ya yi kama da ayaba?
3. Me ya sa ɗumin ruwa ke sa laimar teku fitowa da wuri?
4. Yaya kwashe sadin ya taimaki laimar teku a Namibiya?
5. Lissafa garuruwa biyar da ruwan Gusau ke bi kafin ya isa teku.
6. Me ya sa kifin kiwo ke haki da asuba a koren ruwa?

Lissafi

1. Laimar teku mai nauyin kilo 20, kilo nawa ne ruwa a jikinta?
2. A tekun Namibiya, da tan miliyan nawa laimar teku ta fi kifi?
3. Shekara nawa ne tsakanin 1920 da 1958, da kuma tsakanin 1995 da 2002? Me bambancin ya nuna maka?

Tattaunawa a aji

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya zaɓi tafki ko gulbi ɗaya da ya sani. Wane kifi ake samu a cikinsa lokacin ƙuruciyarku? Giwan ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa, rajiya, wanne ya rage, wanne ya ɓace? Me ya yi yawa a wurin yanzu?

Aikin gida: littafin alamomi

Ka tuna yadda aka gane laimar Naraganset ta matsar da lokacinta da wata biyu. Ba ido ne ya gani ba, domin canjin kwana ɗaya a shekara ba ya ganuwa. Rubutu ne ya kama shi. Wani ya rubuta, ya tsufa, na bayansa ya ɗora, har shekara 50 ta taru a takarda.

Dattawanmu suna cewa damina ta canja, kuma gaskiya suka faɗa. Amma idan aka tambaye su da kwana nawa, sai a shiga gardama, wannan ya ce shekarar da aka yi Jihar Zamfara, wancan ya ce a'a, kafin nan ne. Yanzu da ka iya riƙe alƙalami, kai ne za ka raba wannan gardama.

Sayi ƙaramin littafi. A shafin farko rubuta sunan garinku da shekara. Ja layi biyu, ɗaya na kwanan wata, ɗaya na abin da ka gani. Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa, ranar ruwan farko, ranar shuka, ranar da gina ta tashi, ranar ruwan ƙarshe, ranar da hazo ya sauka, ranar da kududdufinku ya koma kore, da ranar da ya ƙafe. Idan Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta sanar da hasashenta na damina a rediyo, rubuta shi ma, ka gwada da abin da ya auku a gonarka. Baɗi ka buɗe sabon shafi. Idan hannunka ya gaji, ka miƙa wa jikanka.

Kawo littafin aji mako mai zuwa, da layi ɗaya aƙalla a ciki.